Sanyin Tukunya

Saƙon ya shigo da hantsi, ina tsugune a bakin famfo ina wanke wa Inna zannuwa. Minti huɗu da 'yan kai. Duk wanda ya aiko maka da saƙon murya na minti huɗu, to ba gaisuwa ce ta kawo shi ba. Na goge hannu a gefen zane, na danna.

Maman 'yan biyu ce. Ban taɓa ganinta ido da ido ba, don garinsu tafiyar yini guda ce a mota, can bakin kogi. Ita ce shugabar wasu mata goma sha huɗu da suka haɗu suna koyon ginin tukwane daga bidiyoyin Inna da nake ɗorawa. Da can in ta kira sai ta ce "Malama, ya Innarmu?" Yau ko sallamar ma a gaggauce ta yi ta.

"Malama, sau biyu ke nan muna gasawa suna fashewa. Mun bi komai yadda kika nuna, ba mu tsallake ko ɗaya ba. Matan nan sun ce tsohuwa ta ɓoye wani abu, ta nuna mana rabi ta riƙe rabi. Ni na daɗe ina kare ta, yanzu bakina ya mutu. Yau bayan la'asar za mu sa wuta, tukwane sittin. In suka fashe, wallahi tara tsingaron zan yi in ɗauka a waya, in nuna wa duniya abin da koyarwarku take haifarwa."

Na saurara sau biyu. Uwata ce za a kira mayaudariya? Matar da ta shekara arba'in da biyar tana gini, wadda ko maƙiyinta ya zo neman yumɓu sai ta cika masa kwano?

Ni ba maginiya ba ce, gara in faɗa tun yanzu. Malamar firamare ce ni, aji huɗu nake koyarwa. A gidan nan na tashi, cikin randuna da tuluna, amma tun ina 'yar shekara goma na ce ni ba zan taɓa laka ba, tana ɓata farce. Shekara biyu da suka wuce, a wani dogon hutu, zaman banza ya sa na fara ɗaukar Inna a waya tana aiki. Bidiyo guda ɗaya ne ya yi tashe. A cikinsa Inna ta ɗaga ɗanyar tukunya da hannu biyu, ta manna ta a kumatunta, ta lumshe ido. Injin niƙan maƙwabta yana ta ruri a lokacin, sai na cire sautin gaba ɗaya, na sa wani kiɗa mai taushi, na rubuta a ƙasa: "Ku dubi yadda uwata take ƙaunar aikin hannunta." Kafin mako ya zagayo, mutanen da ba su taɓa riƙe tukunya ba suna kuka a ƙarƙashin bidiyon. 'Yan mata suka dinga ɗaukar hoto da tukunya a kumatu, ido a lumshe, baki a ɗan turo. Daga nan aka fara roƙona in nuna aikin daki-daki, ni kuwa abin nema ya samu, na tsara shi darasi-darasi kamar na 'yan ajina.

Na bar wankin a nan na nufi rumfa. Inna tana zaune a kan 'yar kujerarta, ƙafa a miƙe, tana goge bakin wani tulu da tsumma mai laima. A bayanta, a inuwa, sabbin tukwane ne jere, guda ashirin, suna shan iska.

"Inna, saurari wannan."

Na kara mata wayar a kunne. Ta saurara har ƙarshe, hannunta bai daina zagaya bakin tulun ba.

"Allah ya kyauta," ta ce.

"Shi ke nan? Allah ya kyauta? Mayaudariya fa za su ce da ke!"

"In sun faɗa, cizo zai yi?"

"Inna, don Allah. Me ke sa tukunya fashewa a wuta?"

"Abubuwa da yawa."

"To lissafa mini, in rubuta."

Ta ɗago ta dube ni. "Malama ke nan. Komai sai an lissafa an ba shi lamba."

In Inna ta kira ni Malama, ba girmamawa ba ce. Na haɗiye. Na ce to ta bari in kira matar a bidiyo, ta nuna mata tukwanen, ita kuma ta duba ta faɗi inda matsalar take. Minti biyar kacal. Inna ta ce ita ba za ta shiga waya ba yau. Na ce me ya sa. Ta ce haka nan. Na ce haka nan ba dalili ba ne. Ta ce a wajenta dalili ne, kuma in matsa mata daga haske.

Na koma ɗaki raina a ɓace. Zama ya gagare ni. Na hau gado, na sauko, na tsaya bakin taga inda sabis ya fi ƙarfi, na shiga bin darussan nan ɗaya bayan ɗaya. Jiƙa yumɓu. Tsince tsakuwa. Daka tsohon tsingaro a zuba garinsa a ciki. Kwaɓi. Gini. Shanya. Jera su a rami. Duk ga su nan, babu abin da ya ɓace. Na kira Maman 'yan biyu.

"Kun tsince tsakuwa?"

"Da rariya ma muka tace."

"Garin tsingaro fa?"

"Malama, mu da muke da tsingaro buhu biyu? Ai ku kuka wadata mu da shi."

Na ji zafin maganar amma na wuce. "A inuwa kuka shanya?"

"A inuwa. Kwana bakwai cif, yadda kika rubuta."

Kwana bakwai. Na tuna ranar da na rubuta shi. Na tambayi Inna kwana nawa tukunya take yi kafin ta bushe, ta ce ya danganta. Na ce da me, ta ce da tukunyar. To ni ina zan kai "ya danganta" a darasi? Mai kallo yana son adadi. Sai na sa ido a kan waɗanda take shanyawa a lokacin, na ƙirga kwanakin da suka yi kafin ta kai su rami, na samu bakwai, na rubuta bakwai da manyan baƙi. Ban ga laifina ba ko kaɗan, har a wannan lokacin da nake tsaye a taga.

"Ku ba ni lokaci," na ce.

"La'asar," in ji ta. "Itace da ciyawa duk sun iso. Mazan ma sun fara yi mana dariya, wai mu koma abin da muka iya."

Na so in nemo ainihin bidiyoyin, masu sautinsu, ko akwai wata magana da Inna ta yi na yanke. Babu su. Tun bara wayar ta cika, na goge duk na asali, na bar waɗanda na gyara, tunda su suka fi kyau. Na jefar da wayar a kan gado, na ɗauke ta, na sake jefarwa. Cajin ma ya kusa ƙarewa, ga wutar lantarki babu tun jiya. Na fita tsakar gida, na shanya zannuwan da ban gama ɗauraye su ba, na sake kwashe su na mayar cikin bokiti.

Da azahar na sake komawa rumfa, wannan karon da lallashi. Na kai mata ruwa mai sanyi. Na ce Inna, matan nan fa ba su da kowa sai ke. Ta sha ruwan ta ce ta gode. Na ce akwai wadda mijinta ya rasu a cikinsu. Ta ce Allah ya jiƙansa. A nan haƙurina ya ƙare.

"Wato da gaskiyarsu ke nan! Akwai abin da kike ɓoyewa! Ni kika bari ina ta yayata ki a duniya, ashe rowar sani kike yi. To ki riƙe, Inna, ki tafi da shi kabari!"

Ban taɓa faɗa wa uwata magana irin wannan ba. Ta ajiye tsumman, ta dafa gwiwa ta miƙe, ta shige ɗakinta ta saki labule. Ni kuma na yi waje, don in na tsaya zan ƙara wata.

A ƙofar gida na ci karo da Baba mai itace, yana tura kurarsa. Shi yake kawo wa Inna itacen gashi tun ina goye.

"Malama, lafiya kike huci haka? Yau wane yaro ne bai yi aikin gida ba?"

"Baba, bar ni kawai."

"To na bar ki. Tsohuwar fa, ta yi shawara? Wata biyu ke nan ba ta ce in kawo ba. Na ce mata asara ɗaya ba ta kashe maginiya."

"Wace asara?"

Ya tsaya, ya cire hula ya sosa kai. "Af. Ashe ba ki sani ba. To ni ban ce komai ba."

"Baba, wace asara?"

"Wancan gashin na ƙarshe mana, kina makaranta. Talatin ta jera, bakwai suka fito. Ni na taya ta kwashe tsingaron zuwa bayan ɗaki. Tun da nake da ita ban taɓa ganin ta rasa fiye da biyu ba."

Ban ko yi masa sallama ba. Na zagaya bayan ɗakin Inna, wajen da muke jibge tsofaffin kwanuka. An rufa wata tsohuwar tabarma a kan wani tudu. Na yaye. Tsingaro ne jawur, tuli guda, wasu da zanen yatsan Inna a jikinsu, irin layi ukun nan da take yi a wuyan kowace tukunya. Sai a lokacin na lura da abin da yake gaban idona kullum: tukwanen da ke rumfa sun daɗe a jere. Gini take yi tana ƙarawa, ba ta gasawa.

Na shiga ɗakinta ba sallama. Tana zaune a bakin gado, hannu a cinya.

"Na ga bayan ɗaki," na ce.

"Mai itace ba ya riƙe magana."

"Inna, me ya faru?"

Ta ɗaga yatsa ta dangwali kumatunta na hagu, ta ƙara dangwala da ƙarfi har wurin ya loɓa.

"Ya mutu. Tun ciwon bara da bakina ya karkace. Bakin ya dawo daidai, kuka yi ta murna. Wannan bai dawo ba. Ko garwashi kika ɗora ba zan sani ba."

"To me ya haɗa kumatu da tukunya?"

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. "Ke da kika nuna wa duniya? Kina tsammanin sumbatarsu nake yi?"

Ta gyara zama ta ci gaba.

"Tukunya tana bushewa a ido tun cikinta da sauran ruwa. Hannu ba ya ganewa, hannu ya yi kanta. Sai kumatu. In ka manna ka ji sanyi yana ratsowa, da sauranta, ko ta yi wata a shanye. Ka sa ta a wuta haka, ruwan ya nemi hanyar fita, ta tarwatse har ta kashe na kusa da ita. A ranar da kika ɗauka ma sai da na faɗa. Na ce wannan da saura."

Ta faɗa. Injin niƙa ya danne, ni kuma na share sauran na ɗora kiɗa.

"Na daman fa?" Muryata ta yi ƙasa.

"Wannan?" Ta ɗan mari na daman. "Jahili ne, bai taɓa shiga aji ba. Shi na yarda da shi a gashin nan, ga abin da ya jawo mini a bayan ɗaki. To in shiga waya in ce musu me? In sun ce in gwada a gabansu, in ware busasshiya da ɗanya? In tsaya ina zare ido a gaban mata goma sha huɗu?"

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Kin taɓa tambaya? Kullum kina bayan waya. Inna juyo nan, Inna ƙara ɗagawa, Inna haske bai yi ba."

Kunya ta rufe ni, irin wadda take sa mutum ya rasa inda zai sa hannunsa. Na duba agogon waya. Saura ƙasa da awa ɗaya a kira la'asar, caji kuma saura kaɗan.

"Tashi," in ji Inna. Ita ce ta riga ni fita.

A rumfa ta nuna wata tukunya a can ƙarshen layi. "Wannan ta kusa wata biyu, ko makaho ya san ta bushe. Ɗauka." Na ɗauka. "Ba haka ba, sai ka ce an ba ki jaririn wasu. Tallafo gindin." Ta kama ƙeyata da hannunta mai kaushi ta kai fuskata jikin tukunyar. "Rufe ido. Rufe baki kuma, in zai yiwu."

Ba sanyi, ba zafi. Kamar na jingina da bangon ɗaki.

Ta karɓe ta, ta miƙo mini wata daga tsakiya. A ido duk ɗaya suke, fari-fari, a bushe ƙayau. Na manna. Da farko ban ji komai ba, har na buɗe baki zan ce babu bambanci. Sai ga shi ya taso a hankali daga cikin yumɓun, wani siririn sanyi, ya kama fatar kumatuna ya ƙi saki.

Kuma na san shi. Wallahi na san shi. Ina 'yar mitsitsiya, Inna takan ɗora ni a cinya a wannan rumfar, ta manna mini tukunya a fuska, in ƙyalƙyale da dariya in ce "Sanyi!" ta ce "To mayar." Ni duk zatona wasa ne take yi mini.

"Da saura," na ce. Hawaye ya zubo ya ɓata jikin tukunyar.

"Kar ki jiƙa mini ita, da ma ba ta bushe ba. Kira matar."

Kira na farko bai shiga ba. Na biyu ya yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na fita tsakar gida ina ɗaga waya sama, ina zagaya bokitin wanki, ina cewa ɗauka mana, baiwar Allah, ɗauka. A na huɗu hoton ya buɗe. Ga rami, ga tukwane an jera an fara lulluɓa musu ciyawa, ga mata tsaye da hannu a ƙugu. Wata tana riƙe da ashana.

"Kar ku kunna! Don girman Allah kar ku kunna!"

Na yi bayani a birkice, ni da nake taƙama da iya bayani. Na ce kwana bakwai ɗin nan ni na ƙirƙiro shi, ba Inna ba. Na ce bidiyon kumatu ba ƙauna ba ce, gwaji ne. Na ce su nemo wata da ta daɗe a ajiye su fara jin ta, sannan su bi sauran.

Wata daga baya ta ce, "Yanzu kuma sumbatar tukwane za mu koma? Raina mana hankali ake yi." Wata ta ce in da gaske ne tsohuwar ta fito ta nuna da kanta mana, me take ɓuya.

Ban ji zuwan Inna ba, sai hannunta na gani ya karɓe wayar. Ta riƙe ta kusa da fuska sosai, yadda hanci da goshi kawai suke gani.

"Ga ni, 'ya'yana. Ba zan iya nuna muku ba. Kumatuna ya mutu tun bara, ni ma tukwanena ashirin da uku suka fashe, na ɓoye a bayan ɗaki don kunya. Abin da na ɓoye ke nan, ba wani ba. Ku yi abin da yarinyar nan ta ce."

Sai muka ga Maman 'yan biyu ta aika an ɗauko wani ɗan kasko da suka manta ba su gasa ba, yana kan katanga tun gashin farko. Ta manna a fuska. Ta durƙusa bakin rami ta janye ciyawa, ta zaro tukunya ɗaya ta manna. Ta koma kan kaskon. Ta sake komawa kan tukunyar.

"Kai!" ta ce. "Kai, kai, kai. Ku zo ku ji."

Matan suka rufu a kan ramin, kowace da tukunya a kumatu, ba mai lumshe ido don hoto. Wannan ta ce tata da sanyi, waccan ta ce ita ba ta ji komai ba, a ba ta kaskon. Mai ashana ta soke ta a ɗaurin zane. Suna ta ware su gefe biyu, gefen masu sanyi yana ta tsawo, har na daina ƙirgawa a arba'in. Maman 'yan biyu ta matso da fuskarta, da ƙurar yumɓu fari fat a kumatu ɗaya.

"Innarmu," ta ce, "ki yafe..."

Wayar ta mutu a nan.

Na tsaya ina kallon baƙin gilashin. Kaina har ya fara tsara sabon darasi: tukwane biyu, haske ta gefen hagu, ba kiɗa. Na ce bari in ruga shagon caji kafin rana ta yi sanyi.

"Ajiye ta," in ji Inna.

Ta riga ta koma kan kujerarta. Ta nuna layin da haɓa.

"Kin ji biyu, saura goma sha takwas. Wata biyu ina zaune ina kallonsu, ba su ce mini komai ba."

Na ajiye wayar a kan tabarma. Na durƙusa, na tallafo ta farko ta gindi, na kai fuska. Inna ta karkato da kunne wajena, tana jira, kamar yadda 'yan ajina suke jira in faɗi sakamako.

"Wannan ta yi."

"Kin tabbata?"

Na sake mannawa, na daɗe. "Ta yi, Inna."

"To sa ta dama. In kin gama ki leƙa ki ce wa mai itace ya kawo gobe." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ɗauko ta gaba."